Ciwon Susac: Cutar da Aka Yi wa Magani da Kayan Aro

A shekarar 1975 wani likitan sojan Amurka mai suna John Susac ya ga mata biyu a asibitin Walter Reed da ke birnin Washinton, ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu 'yan makonni. Ɗaya shekararta 26, ɗayar kuma 40. Duk wanda ya yi musu kallon farko zai ce taɓin hankali ne, domin halinsu ya sauya, tunaninsu ya rikice, kuma abin kullum gaba yake yi. Shi kuwa Susac likitan ƙwaƙwalwa ne da ya ƙara da ƙwarewa a kan ido, saboda haka bai tsaya ga maganganunsu kawai ba, sai da ya leƙa can cikin idanunsu da madubin likita. A bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa mai karɓar haske, wadda ake kira ratina, kuma a nan ne likita ke iya kallon ƙananan jijiyoyin jini ƙiri-ƙiri ba tare da ya tsaga fata ba. Sai ya tarar rassan jijiyoyin sun toshe nan da can, a wurare da yawa. Irin wannan toshewa an fi saninta da tsofaffi masu hawan jini ko ciwon zuciya. To me ya kawo ta idon mace 'yar shekara 26?

An yi ta gwaje-gwaje. Ba tunjere ba ne, ba kuma lufus ba, wato ciwon nan da garkuwar jiki ke juyawa ta auka wa mai ita. Babu ɗaya daga cikin sanannun cututtukan kumburin jijiyar jini da ya dace da abin da ake gani. Aka ɗora matan a kan maganin siteroyid, kuma dukansu suka nuna alamar samun sauƙi. Bayan babbar ta yi wata uku tana shan maganin, aka yanko ɗan mitsitsin yanki daga ƙwaƙwalwarta aka sa a madubin ƙara girma, aka ga bangon ƙananan jijiyoyin ya yi kauri ya taurare, kamar tabon kumburin da ya riga ya lafa. A 1979 Susac da abokan aikinsa biyu, Hardman da Selhorst, suka buga labarin matan a mujallar Neurology. Kan takardar ƙwaƙwalwa da ratina kaɗai ya ambata. Kunne, wanda yau shi ne murhu na uku da tukunyar ke zaune a kai, sai daga baya ya sami cikakken gurbinsa, da rahotanni suka yi ta fitowa daga wasu asibitoci suna nuna cewa masu ciwon na rasa ji.

A gaskiya ba Susac ne ya fara cin karo da irin waɗannan majinyata ba. Tun a 1973 likitoci biyu na asibitin Mayo da ke jihar Minisota, Pfaffenbach da Hollenhorst, sun ba da labarin masu irin wannan toshewar jijiyoyin ido. Amma gani daban, ganewa daban. Susac ne ya dage cewa cuta guda ce mai zaman kanta, kuma shi ne ya yi ta binta har ƙarshen ransa.

Cikin kowace jijiyar jini akwai wani siririn shafe na ƙwayoyin halitta, kamar shafen da ake yi wa cikin ɗaki, wanda ke sa jini ya gudana sumul. A ciwon Susac wannan shafen ne ke lalacewa, a jijiyoyin da faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kusan kaurin silin gashi. Shafen ya kumbura, hanya ta ƙuntata, jini ya daina wucewa, ɗan wurin da jijiyar ke shayarwa ya mutu. Mai lambun rani ya san wannan: idan 'yar hanyar ruwa ta toshe, fangalin da take kai wa ruwa ne ke bushewa, sauran lambu na nan kore shar. Sai dai a nan fangalin na iya zama wurin da tunani ke ratsawa, ko wani ɓangare na gani, ko wurin da kunne ke kama sauti. Mai ciwon yakan fara da ciwon kai mai tsanani irin na ɓarin kai, sai mantuwa, ruɗewa, sauyin hali. A ido sai ya ga wani yanki ya yi duhu, ko kuma bai lura da komai ba idan toshewar ta faru a gefe. A kunne kuwa ƙara ce da jiri, sannan ji ya tafi, wani lokaci a dare ɗaya.

Shekaru da dama ciwon ya yi ba shi da suna tsayayye. Wasu masu bincike sun raɗa masa RED-M a 1988, wasu suka ce SICRET a 1992, duk taƙaitattun haruffa ne da ke ƙoƙarin haɗa ido da ƙwaƙwalwa da kunne a kalma ɗaya. Sunan da ya zauna kuwa a wani taron likitoci ya samo asali, a San Faransisko a 1986, inda Susac ya gabatar da labarin wata majinyaciya, kuma William Hoyt, ɗaya daga cikin manyan malaman fannin, ya kira ciwon da sunan Susac. A 1994 editan mujallar Neurology, Robert Daroff, ya nemi Susac ya rubuta bita a kan ciwon, ya kuma nace sai an sa wannan suna. A lokacin Susac ya bar aikin soja, yana duba marasa lafiya a Winter Haven, wani matsakaicin gari a jihar Filorida. Daga can, ba daga wata shahararriyar jami'a ba, ya zama mutumin da likitocin duniya ke tuntuɓa idan sun haɗu da wannan ciwo.

Magani a waɗannan shekarun lalube ne cikin duhu, domin ba a san musabbabi ba, kuma kowane zato da nasa magani. Masu ganin jini ne ke daskarewa suka ba da asfirin da magungunan tsinka jini. Masu zaton jijiyoyin ne ke tsukewa da kansu suka ba da nimodifin, mai sassauta bangon jijiya. A 1996 har an buga rahoton wata da aka sa a ɗaki mai matsatsiyar iskar oksijin, irin wanda ake jinyar masu nutso a teku, aka ce ganinta ya dawo. Wani abu kuma ya ƙara rikita lissafi: ciwon yakan lafa da kansa a jikin mutane da yawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Kowane magani aka ba mutum daf da lokacin lafawar, sai ya karɓe yabo. Wannan ne ma ya sa wasu likitoci suka ɗauka cewa haƙuri ya isa, tunda ciwo ne mai wucewa. Yana wucewa kam, amma kamar yadda gobara ke wucewa. Abin da ta ci kafin ta mutu ba ya dawowa, kuma an ga waɗanda ciwon ya bari da kurumta, ko raunin tunani na dindindin.

Babbar matsalar ma ba ta kai ga magani ba tukuna, tana wajen gane ciwon. A 2013 Jan Dörr da abokan aikinsa a Jamus suka tattara duk rahotannin da aka taɓa bugawa, suka sami mutum 304. Mata sun ninka maza fiye da sau uku, akasarinsu tsakanin shekara 20 da 40. Amma lissafin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, kashi 13 cikin ɗari ne kacal suka zo asibiti da alamomin nan uku a tare tun farko. Sauran duk da ɗaya ko biyu suka fara, a wajen akasarinsu ragowar suka biyo baya da makonni ko watanni. Ke nan wadda ta fara da kunne tana wajen likitan kunne, wadda ta fara da ido tana wajen likitan ido, wadda ta fara da sauyin hali kuwa ana iya kai ta sashen masu taɓin hankali. Mu a nan, matashiyar da ta wayi gari tana sambatu tana cewa ba ta ji, na san ba asibiti za a fara nufa da ita ba. Ko a ƙasashen da asibitoci suke birjik, kowane likita nasa ɗakin yake tsaro, kuma ba kullum wani ke tambayar abin da ke faruwa a ɗakin maƙwabcinsa ba.

Na'urori biyu ne suka kawo sauƙi. Ta farko ta girmi sunan ciwon: wasu ɗaliban likitanci biyu a jami'ar Indiyana, Novotny da Alvis, sun bayyana a 1961 yadda ake zuba wani rini mai ƙyalli a jijiyar hannu, a ɗauki hoton bayan ido lokacin da rinin ke ratsawa. A mai ciwon Susac, ban da rassan da suka toshe, ana ganin bangon wasu jijiyoyin yana yoyon rini yana haske, har a wuraren da ba su toshe ba. Wannan yoyo shaida ce cewa wutar na ci, ko da majinyaci ya ce lafiyarsa lau. Ta biyu ita ce na'urar MRI. A 2003 Susac da wasu likitoci suka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum 27, suka ga dukansu suna da tabo a gadar nan da ta haɗa ɓarin dama da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma a tsakiyar gadar. Tabon fari ne, kewayayye. Su da suka saba da hunturun ƙanƙara sun kamanta shi da dunƙulen ƙanƙara; da Bahaushe ne ya fara gani, da dawon fura zai ce. Idan ciwon ya tsufa, dunƙulen kan koma 'yan ramuka.

Muhimmancin wannan hoto shi ne ya raba Susac da wata cuta da ta fi shi yawa nesa ba kusa ba a Turai da Amurka, wato MS, wadda ita ma matasan mata ta fi kamawa, ita ma tana barin fararen tabo a ƙwaƙwalwa. Tabon MS ya fi zama a ƙasan gadar, na Susac a tsakiya. Kafin a gane haka, an yi wa masu Susac da yawa jinyar MS, kuma akwai rahoton wanda allurar intaferon ta MS ta ƙara dagula wa ciwo.

Juyin da ya fi girma a wajen magani daga ɗakin yara ya fito. Robert Rennebohm likitan yara ne, mai kula da cututtukan gaɓoɓi da na garkuwar jiki. Ya daɗe yana jinyar wani ciwon tsoka da fata na yara, wanda shi ma garkuwar jiki ce ke lalata shafen ƙananan jijiyoyi. Likitocin yara sun riga sun koyi darasi mai ɗaci a kan wannan ciwo: idan aka yi masa sanyin hannu da farko, yaro na iya nakasa. Rennebohm ya ga kamar ciwo iri ɗaya ne a gida daban. A 2007 shi da Susac suka buga takarda a kan jinyar ciwon, kuma shawararsu ita ce a danne garkuwar jiki da wuri, da ƙarfi, a kuma daɗe ana dannewa har sai ciwon ya gama zamaninsa. Ba su da gwajin da ya tabbatar da haka. Abin da suke da shi kwatance ne da wata cuta, da kuma abin da idonsu ya gani na waɗanda aka makara a kansu.

Duk magungunan da suka jera kuwa na aro ne. Babu ko ɗaya da aka ƙirƙira domin ciwon Susac, har yau. Siteroyid jikan kotizon ne, wanda Philip Hench ya fara gwadawa a asibitin Mayo a 1948 a kan masu ciwon gaɓoɓi, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1950 tare da Kendall da Reichstein. A Susac akan fara da giram ɗaya na metilfiradinisolon ta ƙarin ruwa kowace rana, kwana uku zuwa bakwai, sannan a koma ƙwaya, a riƙa ragewa a hankali cikin watanni. Shi ne mai saurin kashe wuta, amma zama da shi ba daɗi: kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, rashin barci. Na biyu shi ne IVIG, sinadaran garkuwa da ake tacewa daga ruwan jinin dubban masu ba da jini. Paul Imbach ne a birnin Bern na Suwizalan ya lura a 1981 cewa yana kwantar da garkuwar da ta yi tawaye, a jikin yaran da ƙwayoyin daskarar da jininsu ke ƙarewa. Akan fara da giram biyu ga kowane kilo na nauyin mutum, a riƙa maimaitawa bayan 'yan makonni. Likitocin Susac da yawa sun ɗauke shi ginshiƙi, sai dai tsadarsa ta sa ba kowa ke kai wa gare shi ba, ko a ƙasashe masu arziki.

Sauran sun fi nisan asali. Maikofenolet na masu dashen ƙoda ne, an amince da shi a Amurka a 1995 don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda. Rituksimab na masu sankarar ƙwayoyin garkuwa ne, tun 1997. Saikulofosfamayid, wanda ake ajiyewa domin ciwon da ya yi tsanani ƙwarai, an haɗa shi a Jamus a shekarun 1950 domin ciwon daji, kuma dangi ne na gubar nan mai ƙona fata da aka yi yaƙin duniya na farko da ita. A nan ne zanen aro ke nuna gajartarsa. Masu ciwon akasari mata ne a shekarun haihuwa, saikulofosfamayid kuwa yana iya kashe ƙwan mace, maikofenolet kuma yana nakasa ɗan tayi. Ga shi ciwon kan taso wa wasu suna da juna biyu, ko suna cikin jego. Likita da majinyaciya sai sun zauna sun auna: ƙwaƙwalwar yau, ko haihuwar gobe. Ban ga hukunci mai sauƙi a nan ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce akwai shi ba.

Mai karatu zai ce, me ya hana a yi gwaji irin wanda ake yi wa sauran magunguna, a raba majinyata gida biyu a ga wane ya fi? Ƙarancin mutane ne. Wani bincike da aka yi a faɗin ƙasar Ostiriya ya nuna cewa a shekara kusan mutum ɗaya cikin miliyan huɗu ciwon ke kamawa. Likitan ƙwaƙwalwa na iya gama aikinsa ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Sannan wa zai yarda a bar 'yarsa a rukunin da ba a ba magani, alhali kowane mako na iya tafiya da kunne? Saboda haka aka bi doguwar hanya, ta tara labarai. Susac ya rasu a 2012, amma aikin bai tsaya ba. A 2016 wata ƙungiyar likitocin Turai masu nazarin ciwon, wadda Ilka Kleffner ta jami'ar Münster ke cikin jagororinta, ta fitar da ƙa'idojin gane shi, har da matakin da za a ce ana kyautata zato idan gaɓoɓi biyu ne kawai suka nuna. Amfanin wannan a fili yake: ba sai an jira na ukun ya lalace ba kafin a fara magani. Bayan 'yan shekaru Rennebohm da abokansa suka sabunta shawarwarinsu, suka kasa jinyar gwargwadon tsananin ciwon a ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mafi muni, suka kuma ware wa wanda ya fi tsayawa a ido tasa hanyar. Jinyar kan kai shekara biyu ko fiye, ana rage magani ana duba hoton ido da gwajin ji, domin ciwon ya iya lafawa kamar ya tafi, sannan ya dawo idan aka yi gaggawar sakin hannu.

Bayanin abin da ke faruwa a cikin jijiyar sai a 2019 ya fito sosai, shekara 40 cif bayan takardar farko. Kafin nan an fi zargin wasu sinadaran garkuwa da ke manne wa shafen jijiya, amma ba a jinin kowane majinyaci ake samunsu ba. Catharina Gross da Heinz Wiendl na Münster, tare da Roland Liblau na Tulus a Faransa, suka nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira CD8, waɗanda aikinsu kashe ƙwayar halittar da cuta ta shiga, ke manne wa shafen suna kashe shi. Sun gan su a yankin ƙwaƙwalwar majinyata, sun kuma tayar da irin ciwon a jikin ɓeraye, inda ya kama ƙwaƙwalwa da ido da kunne. Da suka toshe ƙugiyar da ƙwayoyin ke maƙale bangon jijiya da ita, ɓerayen suka samu sauƙi. Maganin da ke wannan aiki a jikin mutum ya riga ya wanzu, natalizumab, kuma abin mamaki, na MS ne, cutar da aka sha wahalar raba ta da Susac. An ba mutum huɗu, ciwonsu ya lafa. Mutum huɗu ba hujja ba ce mai ƙarfi, an kuma taɓa ba da rahoton wanda ciwonsa ya ƙaru bayan an ba shi, ga haɗarin wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da maganin kan buɗe wa ƙofa. Akwai ma wani abin da ya rage a warware: rituksimab, wanda likitoci da yawa ke yabawa, ba ƙwayoyin CD8 yake kashewa ba, wasu ne daban. A wannan ciwo magani ne kullum ke gaba, bayani na biye da shi a guje.

Idan aka fara jinya da wuri, hankali kan dawo, mutane da yawa su koma aiki da karatu, ko da wasu na kukan mantuwa da saurin gajiya. Ido ma yakan yi sa'a, domin wasu jijiyoyin na sake buɗewa, kuma ɗigon duhun da ya rage sau da yawa a gefe yake. Kunne ne ba ya yafiya. A can cikinsa akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, kuma ƙwayoyin da ke kama sauti a ciki ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Ciwon ya fi cin ƙololuwar katantanwar, inda ake jin sauti mai kauri, kuma majinyaci kan ce yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. Mai ɗan saura akan ba shi na'urar ƙara ji. Wanda ya kurumce sarai kuwa akan yi masa dashen wata na'ura da ke aika sauti kai tsaye ga jijiyar ji, kuma tana aiki da kyau a masu Susac, tunda ita jijiyar yawanci lafiyarta ƙalau.

Wannan hali na ciwon, ya saki ido da hankali ya riƙe kunne, shi ya sa wasu likitocin zamani suka waiwayi Francisco Goya, shahararren mai zanen nan na Sipaniya. A ƙarshen 1792, yana da shekara 46, ya kwanta wani ciwo mai tsanani a kudancin ƙasar: ciwon kai, jiri, ƙara a kunne, raunin gani. Ya yi watanni yana jinya a gidan wani abokinsa a birnin Kadis. Wasu sun ce tunjere ne, wasu sun ce gubar dalma ce ta cikin fentin da yake aiki da shi, wasu kuma, a wata takarda ta 2008 da wani taron likitoci a jami'ar Merilan a 2017, suka kawo sunan Susac. Zato ne, tunda babu wanda ya leƙa idonsa da rini. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ganinsa ya dawo, hannunsa ya koma aiki, kuma yawancin zane-zanen da aka fi saninsa da su bayan wannan ciwo ya yi su. Ya ƙara shekara 35 a duniya yana magana da mutane ta rubutu da alamar hannu, har ya rasu a birnin Bodo na Faransa a 1828, ji bai dawo ba.